Daga Aji Zuwa Kasuwa: Tarihin Kamfanin MECC na Jihar Minnesota da Sauye-sauyen Masu Shi

Gabatarwa

A shekarar 1991 gwamnatin Jihar Minnesota ta ƙasar Amurka ta sayar da wani kamfani nata, mai yin wasannin kwamfuta na koyar da yara, a kan kuɗi dala miliyan 5 da dubu 250. Ba a cika shekara biyar da wannan ciniki ba sai ga wani kamfani ya taya shi dala miliyan 370, aka kuwa sallama masa. Da shekarar 1999 ta zo sai aka rufe ofishinsa da ke Minnesota, ma'aikatansa suka watse. Wasan da ya fi jawo masa suna yana nan ana sayarwa, amma wurin da aka ƙera shi da mutanen da suka san yadda ake ƙera irinsa sun zama tarihi.

Sunan wannan kamfani MECC, watau haruffan farko na Minnesota Educational Computing Consortium, ma'ana gamayyar hukumomin ilmi na Minnesota don amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wasan kuwa shi ne The Oregon Trail. Wannan lacca za ta bi diddigin kamfanin tun daga ajin da wasan ya tsira har zuwa hannun da ya ƙarasa. Tambayar da za a riƙa maimaitawa a kowane zango ita ce: me aka sayar, me kuma ya salwanta wajen sayarwar? Tambaya ce da ta shafi ɗalibi mai nazarin tarihin ilmi, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda wata rana za a iya ajiye masa fayil a tebur, a ce ya ba da shawara a kan sayar da wata dukiyar jama'a.

Asalin Wasan

A ƙarshen shekarar 1971 wasu ɗalibai uku na Kwalejin Carleton, watau Don Rawitsch da Bill Heinemann da Paul Dillenberger, suna gwajin aikin koyarwa a makarantun birnin Minneapolis, suna kuma zaune a gida ɗaya. Rawitsch tarihi yake koyarwa, sauran biyun kuwa lissafi. Aka ɗora wa Rawitsch koyar da labarin ƙaurar da Turawan Amurka suka yi daga gabas zuwa yamma a ƙarni na 19.

Ya kamata a ɗan yi bayanin wannan ƙaura. Daga farkon shekarun 1840 zuwa ƙarshen shekarun 1860 mutane dubu ɗaruruwa suka bi wata hanya mai tsawon mil dubu biyu da 'yan kai, daga Jihar Missouri zuwa yankin Oregon da sauran ƙasashen yamma. Ayari-ayari suke tafiya, da amalanke masu rumfa waɗanda shanu ke ja, tafiyar wata huɗu zuwa shida. Cuta ce ta fi kashe su a hanya, musamman kwalara. Hanyar ba ta mutu ba sai da aka gama shimfiɗa dogon jirgin ƙasa da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma a 1869.

Rawitsch ya ga in ya tsaya ga karanta wa yara littafi, barci za su yi. Sai ya zana taswirar hanyar a takarda, da nufin yin wasa irin wanda ake yi a kan allo da katuna. Abokan zamansa suka gani, Heinemann ya ce ai wannan aikin kwamfuta ne. Cikin mako biyu suka rubuta wasan da harshen kwamfuta da ake kira BASIC. A lokacin nan babu kwamfuta a aji. Abin da makaranta take da shi wata na'ura ce mai kama da tafireta, wadda aka haɗa ta wayar tarho da babbar kwamfutar hukumar makarantun birnin. Ba allon kallo, ba hoto. Yaro zai buga amsa, na'ura ta buga masa sakamako a takarda.

Ran 3 ga Disamba 1971 yaran ajin Rawitsch suka fara wasan. An mai da kowane mai wasa madugu: shi zai raba kuɗinsa tsakanin shanu da guzuri da tufafi da harsashi, shi zai yanke shawarar yawan abincin da za a ci, da inda za a yada zango, da lokacin da za a fita farauta. In ya yi rowa mutanensa su galabaita, in ya yi almubazzaranci guzuri ya ƙare a daji. Da yake na'urar ɗaya ce, sai yara suka riƙa taruwa ƙungiya-ƙungiya suna shawara, har suna jefa ƙuri'a a kan abin da za a yi. Da zangon karatu ya ƙare, Rawitsch ya buga rubutun wasan duka a takarda, ya share shi daga kwamfutar, ya tafi da takardar gida. Shekara uku wasan yana kwance a cikin wannan takarda kaɗai.

Kafa Hukumar MECC

Ba banza aka fara wannan abu a Minnesota ba. A shekarun 1960 jihar tana cikin manyan cibiyoyin ƙera kwamfuta a Amurka. Kamfanin Control Data da na Honeywell a can hedkwatarsu take, Univac yana da babbar ma'aikata a birnin St. Paul, IBM kuma yana da tasa a Rochester. Saboda haka malaman jihar sun riga na wurare da yawa sanin na'urar, cikinsu har da wani malamin lissafi mai suna Dale LaFrenz, wanda aka kafa MECC da shi, daga baya kuma ya shugabance ta.

A 1973 gwamnatin jihar ta kafa MECC, ta haɗa Jami'ar Minnesota da sauran jami'o'in jiha da kwalejoji da Ma'aikatar Ilmi a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Manufar ita ce kada kowace hukuma ta sayi tata kwamfutar mai tsada, kuma kada yaron ƙauye ya rasa abin da yaron birni yake samu. Aka sayi babbar kwamfuta guda, aka ja layukan waya zuwa makarantu ko'ina a jihar. Kafin ƙarshen shekarun 1970 mafi yawan ɗaliban Minnesota suna iya kaiwa ga kwamfuta ta wannan hanya.

A 1974 MECC ta ɗauki Rawitsch aiki. Ya ciro tsohuwar takardarsa, ya sake buga wasan layi-layi cikin kwamfutar hukumar. Bai tsaya nan ba, sai ya karanta littattafan tunawa da matafiyan ainihi suka rubuta a hanya, ya daidaita wasan da abin da ya samu: inda aka fi gamuwa da ruwan sama, inda aka fi ɓata hanya, da sauransu. A cikin karatun nan ne ya lura cewa 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can, sau da yawa taimakon matafiya suke yi da abinci da nuna hanya, saɓanin yadda finafinai ke nuna su, sai ya shigar da wannan cikin wasan. A 1975 aka buɗe shi ga makarantun jihar duka, nan da nan ya shiga sahun abubuwan da aka fi nema a kwamfutar MECC. A 1978 Rawitsch ya buga rubutun wasan a mujallar Creative Computing, kowa ya gani ya kwafa.

Abin lura a wannan zango shi ne babu wanda ya ɗauki wasan haja. Malami ne ya ƙago shi don ajinsa, hukuma ta raba shi ga makarantu kamar yadda ake raba alli. Mutanen nan uku ba su sami wani kaso daga cinikin da aka yi da shi daga baya ba.

Zamanin Bunƙasa

Ƙananan kwamfutoci na ɗorawa a tebur sun fito a 1977. MECC ta hango cewa kwanan babbar kwamfuta mai layukan waya ya kusa ƙarewa, sai a 1978 ta nemi kamfanoni su kawo tayinsu, ta zaɓi Apple II, ta yi odar guda 500 a tashin farko. A lokacin kamfanin Apple jariri ne, wannan kwangila kuwa ta taimaka ƙwarai wajen buɗe masa ƙofar makarantun Amurka. MECC ta shiga mai da wasanninta da darussanta a kan faifai don sabuwar na'urar.

Daga nan sai makarantun wasu jihohi suka fara roƙon faya-fayan. Hukumar ta fito da wata dabara: gundumar makarantu za ta biya kuɗin zama mamba, a ba ta izinin kwafar manhajojin MECC gwargwadon bukatarta. Ga makarantar da ba ta da kuɗin sayen faifai ɗaya-ɗaya, wannan gata ne babba. Dubban gundumomi a ciki da wajen Amurka suka shiga. Ta haka ne da yawa daga yaran da suka yi makaranta a Amurka a shekarun 1980 suka tashi da sanin sunan MECC.

A 1985 aka sake ƙera The Oregon Trail tun daga tushe, a ƙarƙashin jagorancin Philip Bouchard, John Krenz kuma shi ne babban mai rubuta shi. Wannan shi ne sigar da duniya ta fi sani. An ajiye labarin a shekarar 1848, daga garin Independence na Missouri zuwa kwarin Willamette na Oregon. Mai wasa zai zaɓi ko ya zama ma'aikacin banki mai dala 1,600, ko kafinta mai 800, ko manomi mai 400, kuma wanda ya fara da ƙaramin jari shi ya fi samun maki in ya isa lafiya. A bakin kogi sai ya duba zurfin ruwa ya zaɓa: ya kutsa, ko ya liƙe amalanken ya mai da shi kwalekwale, ko ya biya kuɗin fito. In ya harbe ɓauna, nama laba 100 kawai zai iya ɗaukowa, sauran ya zama hasara. In atuni ko wata cuta ta gama da ayarin, sai a kafa masa kabari a hanya, wanda mai wasa na gaba da faifan zai tarar. Lissafi da tattali da tarihi da labarin ƙasa duk suna ciki, yaro kuwa yana ganin wasa yake yi.

Wasu wasannin suka biyo baya, irin su Word Munchers a 1985 da Number Munchers a 1986, na koyon kalmomi da lissafi. Sirrin ingancinsu a fili yake. Da yawa daga ma'aikatan MECC tsofaffin malaman aji ne, ana gwada abin da aka ƙera a gaban yara kafin a fitar, kuma kowane faifai yana zuwa da littafin jagora ga malami. Mai sayen kayan kuwa makaranta ce, wadda ba ta sabunta rajista sai ta ga amfani.

Daga Hukuma Zuwa Kamfani

Nasara ita ce ta jawo sauyin farko. Da kuɗin cinikin manhaja ya yi yawa, sai aka ga hukumar za ta iya ɗaukar nauyin kanta. A 1983 aka yi dokar da ta mai da ita kamfani mai neman riba, mallakar gwamnatin jiha, aka kuma daina aiki da babbar kwamfutar nan. Haruffan sunan ba su canja ba, sai dai kalmar ƙarshe ta koma Corporation.

Kamfanin gwamnati mai gasa da 'yan kasuwa yana da wahalar zama. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 tauraron Apple II ya fara dushewa, kwamfutoci irin na IBM da Macintosh suna cika gidaje, iyaye kuma sun fara saya wa 'ya'yansu manhaja a kanti. Shiga wannan kasuwa yana bukatar jari mai yawa, na talla da na sake ƙera wasanni, gwamnatin jiha kuwa ba aikinta ba ne zuba kuɗin haraji a irin wannan caca. Waɗannan hujjoji ne masu ƙarfi, bai kamata a raina su ba. Saboda haka a 1991 aka sayar da MECC ga wani kamfanin masu zuba jari da ake kira North American Fund II, a kan dala miliyan 5 da dubu 250.

Sababbin masu shi suka juya akalarsa zuwa kasuwar gidaje, suka kuma dace da lokaci, domin a shekarun nan ne faifan CD ya yaɗu, mai ɗaukar hoto da sauti fiye da na da. Aka fitar da The Amazon Trail da The Yukon Trail, sa'an nan Oregon Trail II a 1995. Ba kullum ake dacewa ba: wasan Freedom! na 1992, a kan bayi baƙar fata masu gudu daga kudancin Amurka, sai da aka janye shi a 1993 bayan iyaye sun koka da yadda ya siffanta bayin. Duk da haka ciniki ya yi ta hauhawa. A 1994 aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari. Zuwa 1995 cinikinsa na shekara ya kai kimanin dala miliyan 30, kusan sulusi daga The Oregon Trail kaɗai. A wannan shekara ce aka yi bikin da aka fito da mutanen nan uku a bainar jama'a a matsayin waɗanda suka ƙagi wasan.

Shigowar SoftKey

A nan tilas a bar Minnesota a leƙa Kanada. A 1986 wani ɗan kasuwa mai suna Kevin O'Leary ya kafa kamfanin SoftKey a birnin Toronto, daga baya Michael Perik ya zama abokin tafiyarsa. Ra'ayinsu game da manhaja dabam yake da na MECC. A ganinsu manhaja haja ce kamar sabulu ko hatsi: a sa mata farashi mai rahusa, a jibge ta a manyan kantuna inda kowa ke wucewa, a ci riba ta yawan ciniki. Hanyar girmansu kuwa ita ce sayen wasu kamfanoni. Bayan sun haɗe da WordStar da Spinnaker suka koma birnin Cambridge na Jihar Massachusetts.

A 1995 suka juyo kan kamfanonin ilmi. A Oktoba aka ba da sanarwar sayen MECC a kan dala miliyan 370, ba da tsabar kuɗi ba, da hannun jarin SoftKey, aka kammala cinikin a 1996. A Disamba 1995 kuma suka sayi The Learning Company a kan dala miliyan 606. Wannan kamfani na Kalifoniya an kafa shi ne a 1980, da hannun malamai irin su Ann McCormick da Leslie Grimm, shi ne mai wasan koyon karatu na Reader Rabbit. Shugabanninsa sun riga sun shirya haɗewa da kamfanin Broderbund, sai SoftKey ya shiga tsakani ya ƙara farashi, ya saye ba da son ransu ba. Da ya saye sai ya ajiye sunansa ya ɗauki na wanda ya saya, domin sunan The Learning Company ya fi kwarjini a idon iyaye. A 1998 ya haɗiye Mindscape, sa'an nan ya haɗiye Broderbund ɗin kansa, mai wasan Carmen Sandiego, a kan fiye da dala miliyan 400, ya sallami ma'aikatansa kimanin 500.

Cikin shekara uku ke nan da dama daga manyan gidajen ƙera wasannin ilmi na Amurka suka koma hannu ɗaya. Farashi ya faɗi, abin da ya yi wa iyaye daɗi. Amma wasa mai inganci yana cin watanni ana bincike da gwaji, kuma in farashin faifai ya karye, kuɗin wannan aiki ba ya fitowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sake wa tsohon wasa riga a mayar da shi kanti. Sauran kamfanoni su ma dole suka rage farashi ko su fita kasuwa. Har ila yau littattafan kuɗin sabon kamfanin suna nuna hasara shekara bayan shekara, galibi saboda nauyin saye-sayen da ya yi.

Cinikin Mattel

Kamfanin Mattel, mai 'yar tsanar nan Barbie, ya ga yara suna barin kayan wasa na hannu suna komawa gaban kwamfuta tun suna ƙanana. Shugabarsa, Jill Barad, ta yanke shawarar bin su can. A Disamba 1998 aka sanar da cewa Mattel zai sayi The Learning Company, aka kammala a Mayu 1999, a kan hannun jari na kimanin dala biliyan 3 da rabi.

Ba a je ko'ina ba sai tulu ya fashe. A watanni uku na Yuli zuwa Satumba 1999, inda aka sa ran riba ta kimanin dala miliyan 50, sai aka sami hasarar dala miliyan 105. Kantuna suna ta mayar da faya-fayan da ba su sayu ba. O'Leary da Perik suka bar kamfanin a Nuwamba. Kafin ƙarshen shekarar aka rufe ofishin MECC na Brooklyn Center a Minnesota, shekara 26 bayan kafa hukumar. A Fabrairu 2000 Barad ta sauka daga muƙaminta. A Oktoba na wannan shekara Mattel ya miƙa The Learning Company ga kamfanin Gores Technology Group ba tare da karɓar ko kwabo a hannu ba, sai alkawarin wani kaso daga ribar gaba. Masu hannun jarin Mattel suka kai ƙara kotu, suna zargin an ɓoye musu gaskiyar halin kamfanin da aka saya, aka sasanta a 2002 a kan dala miliyan 122. Ana lissafa wannan ciniki cikin mafiya muni a tarihin kasuwancin Amurka.

Gado Daga Hannu Zuwa Hannu

Abin da ya biyo baya rabon gado ne. A 2001 Gores ya sayar da sashen wasannin nishaɗi ga Ubisoft na Faransa, sashen ilmi kuma, har da abin da MECC ta bari, ga Riverdeep na ƙasar Ailan. Riverdeep ya ciwo bashi mai nauyi ya sayi kamfanin ɗab'i na Houghton Mifflin a 2006, ya ƙara da sashen littattafan makaranta na Harcourt a 2007, aka sami Houghton Mifflin Harcourt. Bashin ya yi wa sabon kamfanin yawa, har a 2012 ya nemi kariyar kotu don ya daidaita da masu binsa. A 2021 ya sayar da sashensa na littattafan kasuwa ga HarperCollins a kan dala miliyan 349, The Oregon Trail da Carmen Sandiego suna cikin kayan.

A duk tsawon wannan yawo sunan wasan bai daina kawo kuɗi ba. An ƙiyasta cewa zuwa 2011 an sayar da kwafe fiye da miliyan 65. A 2016 gidan tarihin wasanni na The Strong da ke Jihar New York ya sa shi cikin jerin fitattun wasannin kwamfuta na duniya. A 2021 kamfanin Gameloft na Faransa ya fitar da sabon siga bisa lasisi, bayan ya nemi shawarar masana tarihi daga cikin 'yan asalin Amurka, domin an daɗe ana sukar tsohon wasan da cewa ya ba da labarin ƙaurar ta bakin baƙin da suka zo kawai, bai nuna abin da ta jawo wa masu ƙasar ba. Sai dai masu wasan na baya-bayan nan hayar sunan suke bayarwa, wasu su ƙera.

Abin Lura

In an tattara wannan tarihi za a ga ƙarfin MECC a kan abu uku ya tsaya: malamai a cikin masu ƙerawa, makaranta a matsayin mai saye, da kuma mai shi wanda ba ya gaggawar riba. Sauyin 1983 ya shigo da neman riba, amma ya bar sauran biyun. Cinikin 1991 ya karkata kamfanin daga aji zuwa kanti. Na 1995 ya sa shi ƙarƙashin mutanen da tallar kaya suka ƙware a kai. Na 1999 ya watsa ma'aikatan. Babu wanda ya zauna ya ƙudura kashe MECC. Kowane mataki yana da hujjarsa a lokacinsa, kuma a kowane ciniki akwai waɗanda suka ci riba.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ba sauyin hannu kaɗai ya karya kamfanin ba. Yaɗuwar intanet a ƙarshen shekarun 1990 ta kawo wasanni da darussa na kyauta, kasuwar faifai ta durƙushe ga kowa. Ko da MECC ta zauna a hannun gwamnati, da ta gamu da wannan guguwa. Bambancin shi ne hukumar da ta taɓa barin babbar kwamfuta ta rungumi ƙarama a 1978 ta nuna tana iya sauya sheƙa, amma a 1999 babu sauran wanda aka ɗora wa alhakin tambayar abin da makarantu ke bukata a sabon zamanin.

Ga mai riƙe da amanar dukiyar jama'a akwai darussa uku. Na farko, ƙimanta kaya. Tsakanin dala miliyan 5 da dubu 250 da dala miliyan 370 akwai ninki kusan 70. Gaskiya ne sababbin masu kamfanin sun yi aiki, kasuwa ta yi zafi, kuma kuɗin na biyu da takardun hannun jari aka biya. Duk da haka wasan da ya fi kawo ciniki an riga an ƙera shi da kuɗin jama'a tun kafin a sayar. Dukiyar da ba ta da gini ko mota, irin su suna da haƙƙin mallaka da amincewar mutane, ita ce aka fi yi wa arha, domin ba ta bayyana a rajistar kaya. Na biyu, sharaɗi. Mai saye na farko ba shi ne na ƙarshe ba. Daga 1991 zuwa 2021 abin da MECC ta ƙera ya ratsa hannun North American Fund II da masu hannun jari da SoftKey da Mattel da Gores da Riverdeep da HarperCollins. Duk abin da mai sayarwa yake so ya ɗore, in bai shiga takardar ciniki ta yadda zai bi kayan ba, to, ya rage ga son ran wanda ba a san shi ba tukuna. Na uku, mutane. Ana iya rubuta suna da haƙƙin mallaka a takarda a miƙa wa wani, amma gwanintar ma'aikatan da suka shekara ashirin suna aiki tare da malamai a cikin kawunansu take, ranar da aka sallame su da ita suke tafiya.

Kammalawa

An ga yadda wasan da malamai uku masu koyon aiki suka rubuta cikin mako biyu ya zama ginshiƙin wata hukumar jiha, hukumar ta zama kamfani, kamfanin ya zama haja, hajar kuma ta yi ta yawo har ta rage saura suna. An kuma ga cewa sayar da dukiyar jama'a yana iya zama da hujja, amma farashi da sharaɗi da makomar ma'aikata su ne ke nuna ko an yi cinikin da idon basira. Ɗalibin da zai zurfafa bincike zai sami fili a tambaya guda da wannan tarihi ya bari a buɗe: shin akwai tsarin da zai bar irin wannan ma'aikata ta sami jarin 'yan kasuwa, alhali makaranta tana nan a matsayin uwar gijiyarta? Minnesota ta riƙe tsari mai kama da haka daga 1983 zuwa 1991, kuma a cikin waɗannan shekaru takwas ne aka ƙera The Oregon Trail na 1985 da Word Munchers da Number Munchers.